Wa'adi da Ƙarin Wa'adi: Darasi daga Gasar Harba Roka ta 'Yan Sa-kai



 Maganata ta yau a kan tambaya ɗaya take. Idan mutum ya sa gasa, ya ajiye kyauta, ya yanke rana, ranar ta zo babu wanda ya ci, me ya kamata ya yi? Ya mayar da kuɗinsa aljihu, ko ya ƙara wa mutane lokaci?

Zan ɗauko tambayar daga wani fage da ba kasafai muke zancensa ba, wato gasar harba roka zuwa sararin samaniya tsakanin mutanen da ba gwamnati ce ta ɗauke su aiki ba, ba kuma wani babban kamfani ke tsaye a bayansu ba. Makanikai ne, da malaman makaranta, da ɗalibai, da injiniyoyin da ke taɓa aikin da yamma bayan sun tashi daga ofis, da kuɗin guminsu. Su zan riƙa kira 'yan sa-kai.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu, don ku auna shi da abin da zai biyo baya. Ƙarin wa'adi yana da amfani idan lokaci ne kaɗai ya yi wa masu gasa ƙaranci. Idan kuwa kuɗi ne babu, ko sharaɗin gasar ya fi ƙarfin abin da ilimi ya kai a zamanin, ko an ƙara shekara goma babu abin da zai sauya.

Taɓa sama daban, zama a sama daban

Kafin mu shiga labarin gasar, dole mu rarrabe abubuwa biyu da mutane kan cakuɗa. Masana da yawa sun ɗauki tsayin kilomita 100 a matsayin iyakar da sararin samaniya ke farawa. Rokar da ta miƙe ta wuce wannan tsayi ta taɓa sararin samaniya, amma cikin 'yan mintoci za ta juyo. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma haka abin yake ga irin wannan roka.

Tauraron ɗan'adam shi ne jifar da ba ta iso ƙasa ba. Dalili kuwa shi ne ba sama kawai aka jefa shi ba, an tura shi ne a gicciye da gudun da ya kai kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya. Yana faɗuwa, amma saboda duniya a dunƙule take, yadda yake gangarowa haka doron ƙasa ke lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, sai ya yi ta kewayawa, kowane zagaye kimanin minti 90.

Ga inda lissafin yake. Don abu ya kai kilomita 100 a tsaye, in aka cire turjiyar iska, yana buƙatar gudun kusan kilomita 1.4 a daƙiƙa. Don ya zauna yana kewaya duniya, yana buƙatar kusan kilomita 7.8 a daƙiƙa. Gudun ya ninka sau biyar da ɗoriya, ƙarfin da ake buƙata kuma ya ninka kusan sau 30. Shi ya sa rokar da ke kai tauraro take zama hawa-hawa, tana yar da ɓangaren da mansa ya ƙare, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta mai ne. Ku riƙe wannan bambanci, domin shi ne zai bayyana mana dalilin da ya sa wata gasar ta ciwu, wata kuma ta gagara.

Gasar da ba a ƙara wa ko kwana ɗaya ba

A watan Nuwamba na 1997, wata ƙungiya a Amurka mai suna Space Frontier Foundation ta sanar da gasar da ta kira CATS, wadda manufarta ita ce a sami hanya mai rahusa ta zuwa sararin samaniya. Sharaɗin shi ne a harba kaya mai nauyin kilo 2 zuwa tsayin kilomita 200, ba tare da jingina da kuɗin gwamnati ba. Kyautar dala 250,000 ce, da wata ta dala 50,000 ga wanda ya kai kilomita 120. Aka yanke ranar rufewa, 8 ga Nuwamba, 2000.

Da ranar ta matso, sai aiki ya kankama. Wasu 'yan Huntsville ta jihar Alabama suka yi dabarar ɗaga rokarsu da ƙaton balan-balan daga kan teku, don ta wuce iska mai kauri kafin a kunna ta. Wani ayari kuma, ƙarƙashin Ky Michaelson, mutumin jihar Minnesota wanda ya daɗe yana ƙera motoci masu gudu da roka, ya nufi hamadar Black Rock ta jihar Nevada. Dukkansu sun gwada, babu wanda ya kai. Ranar ta zo, gasar ta rufe, kuɗin bai fita ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi jan hankalina. Michaelson da mutanensa ba su watse ba. Sun sake gwadawa a 2002, rokar ta tarwatse jim kaɗan da tashinta. Suka koma suka sake ƙerawa. Ranar 17 ga Mayu, 2004, suka kafa wata roka mai suna GoFast a kan busasshen tafkin nan na Black Rock, fili fetal, babu itace babu gida iyakar ganin ido. Tsawonta ya ɗan haura mita 6, faɗinta kimanin santimita 25, cikinta cike da daskararren mai. Da aka kunna ta, cikin daƙiƙu kaɗan ta ninka gudun sauti kusan sau biyar, man ya ƙare, ta ci gaba da hawa da ƙarfin da ta ɗebo har kilomita 116. Ita ce roka ta farko ta 'yan sa-kai da ta shiga sararin samaniya. Shekara uku da rabi ke nan bayan rufe gasar, kuma babu ko dala ɗaya da ke jiransu.

Wani zai ce, ai da an ƙara wa'adin da sun ci. Mu duba lissafin. Kilomita 116 bai kai ko 120 na ƙaramar kyauta ba, balle 200. Ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya sun haura kilomita 100 a 2019, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 suka kai kimanin kilomita 143 da rokarsu Aftershock II, wanda aka lissafa a matsayin sabon tarihi tsakanin 'yan sa-kai. Shekara 24 bayan rufe gasar CATS, har yanzu da saura kafin kilomita 200. Ashe ba shekara ɗaya ko biyu ce ta raba 'yan sa-kai da babbar kyautar ba. Gasar ta yi aikinta ta wata fuska: ta tara mutane, ta sa sun ƙera, sun gwada, sun koya, kuma abin da suka koya bai rufe tare da ita ba.

Gasar da aka yi ta tura ranarta gaba

A 2008 wani masanin kimiyyar halittu a Kambirij ta Ingila, Dokta Paul Dear, ya fito da gasar N-Prize, wadda ya tsara musamman don 'yan sa-kai. Sharuɗɗanta sun cancanci a saurare su da kyau. A harba tauraro mai nauyi tsakanin giram 9.99 da giram 19.99. Ya kewaya duniya aƙalla sau 9, a kuma nuna shaidar haka. Kuɗin harbawar kada ya wuce fam 999.99. Wanda ya yi zai karɓi fam 9,999.99. Ranar rufewa ta farko ita ce 19 ga Satumba, 2011.

Dokta Dear bai ɓoye wa kowa cewa abin na dab da gagara ba. Burinsa shi ne ƙuncin kuɗi ya tilasta wa mutane yin tunanin da mai yalwa ba zai yi ba. Ƙungiyoyi daga ƙasashe daban-daban suka yi rajista. Ranar ta zo babu wanda ya kusa, sai aka tura ta gaba. Daga baya ma aka cire ranar gaba ɗaya, aka ce gasar a buɗe take har sai an ci. Dokta Dear ya rasu a 2020, aka rufe gasar ba tare da wani ya harba tauraro ba.

Ina matsalar take? Ba a jikin tauraron take ba. A 2019 wani shiri mai suna KickSat-2 ya saki ƙananan taurari sama da 100, kowanne faifan lantarki ne mai nauyin 'yan giram kaɗan, aka kuma ji saƙonsu daga ƙasa. Sai dai babbar roka ce ta ɗauke su. Matsalar tana wajen abin hawa. Ko ƙwayar giram 10 za ka kai, sai ka ba ta gudun nan na kilomita 7.8 a daƙiƙa, sai ka sami na'urar da za ta daidaita alƙiblar roka, sai ka raba hawa-hawanta a daidai lokaci. Ƙaramar roka kuma ta fi shan wahalar iska in aka kwatanta da nauyinta. Roka mafi ƙanƙanta da ta taɓa kai tauraro ita ce SS-520 ta hukumar sararin samaniyar Japan, a watan Fabrairu na 2018. Tsawonta kusan mita 9 da rabi, nauyinta kimanin tan 2.6, ta ɗauki tauraro mai 'yan kilo kaɗan, kuma sai a gwaji na biyu ta yi nasara. Ku ɗora wannan a gefe ɗaya, ku ɗora fam 999.99 a ɗaya gefen.

Ina girmama niyyar Dokta Dear ƙwarai, domin ya sa mutane da dama sun zauna sun yi lissafin da ba za su taɓa yi ba. Amma a ganina ƙarin wa'adin bai taɓa ainihin ciwon ba. Abin da ya ɗaure masu gasar shi ne iyakar kuɗin, ba kalanda ba. Kuma da aka cire ranar, gasar ta rasa abin da ke sa mutum ya hana idonsa barci. Aikin da ba shi da ranar gamawa kullum gobe ake fara shi.

Inda ƙarin wa'adi ya haifi ɗa mai ido

Kada a ɗauka ina ƙin ƙarin wa'adi ne baki ɗaya. Tarihin sufurin sama yana da misalin da ƙarin ya yi daidai. A 1919 wani mai otal a New York, Raymond Orteig, ya sa dala 25,000 ga duk wanda ya tuƙa jirgi tsakanin New York da Paris ba tare da ya sauka ba. Ya ba da shekara 5. Shekarun suka ƙare babu wanda ya gwada, saboda injunan lokacin ba za su jure ba. A 1925 ya sabunta tayin. A tsakanin nan an sami injin da iska ke sanyaya shi, marar nauyi, mai iya aiki fiye da yini guda bai tsaya ba.

Ranar 20 ga Mayu, 1927, Charles Lindbergh, matashi mai jigilar wasiƙu da jirgi, ya tashi shi kaɗai da inji ɗaya. Ya sa an dasa babban tankin mai a gabansa, har ya toshe masa tagar gaba, sai ta gefe yake leƙawa ko ta wani ɗan madubin hange. Bai ɗauki rediyo ba, bai ɗauki laimar sauka ba, don kowane kilo ya tafi ga mai. Bayan awa 33 da rabi ya sauka a Paris. Ƙarin wa'adin Orteig ya yi aiki ne domin fasahar tana kan hanya, 'yan shekaru kawai take buƙata.

Amma a cikin wannan nasara akwai abin juyayi. Mutum 6 ne suka rasa rayukansu a neman kyautar tsakanin 1926 da 1927. Biyu sun ƙone a jirgin René Fonck da aka yi wa lodi fiye da kima, biyu sun mutu a gwaji, biyu kuma, Nungesser da Coli, sun tashi daga Paris ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Tsere yana sa mutum ya tashi kafin ya shirya. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga masu neman a ƙara lokaci, domin roka bututu ce cike da wuta, kuma sauri kan haifi nawa.

A ɗaya ɓangaren akwai gasar Ansari X Prize, wadda aka sanar a 1996, ta dala miliyan 10 ga jirgin da ba na gwamnati ba wanda zai kai mutum kilomita 100 sau biyu cikin mako biyu. Kuɗin kyautar ta hanyar inshora aka tanade shi, inshorar kuma za ta ƙare da ƙarewar 2004. Kowa ya san ranar ba ta motsi. Jirgin SpaceShipOne na Burt Rutan ya ci gasar ranar 4 ga Oktoba, 2004, saura ƙasa da wata uku. Ku lura da abu biyu: taɓa sama aka nema ba kewaya duniya ba, kuma attajiri Paul Allen ya zuba wa aikin jirgin kuɗin da ya ninka kyautar fiye da sau biyu. Buri ya yi daidai da fasahar zamani, kuɗi ya samu, tsayayyen wa'adi kuma ya zama bulala.

Misali na ƙarshe shi ne gasar Google ta zuwa duniyar wata, wadda aka buɗe a 2007: a sauke na'ura a kan wata, ta yi tafiyar mita 500, ta aiko da hotuna. Babbar kyautar dala miliyan 20 ce, kuma da farko ƙarshen 2012 aka sa don samun ta cikakkiya. An yi ta ƙarawa har zuwa 31 ga Maris, 2018. Abu ɗaya da suka yi wanda ya dace a koya shi ne ɗaura ƙarin da sharaɗi: wanda ke son ci gaba sai ya kawo takardar yarjejeniya da mai rokar da zai ɗauke shi. Da wannan aka tace ƙungiyoyin suka koma 5. Duk da haka, a watan Janairu na 2018 aka sanar cewa babu wanda zai cika wa'adin. Ƙungiyar SpaceIL ta Isra'ila, ɗaya daga cikin masu gasar, ta harba na'urarta Beresheet a 2019, ta isa wata amma ta faɗi wajen sauka ranar 11 ga Afrilu. Aikin ya ci kusan dala miliyan 100, ninki biyar na kyautar. A nan ma neman kuɗi ne ya cinye shekarun.

Yadda ya kamata a yanke hukunci

Alkawari kaya ne, kuma ranar rufewa wani ɓangare ce ta alkawarin da mai gasa ya ɗauka. Akwai wanda ya ci bashi, ya sayar da motarsa, ya yi gaggawar gwaji don ya cika ranar da aka faɗa. Idan aka wayi gari aka ɗage, an ba wanda ya yi jinkiri abin da aka hana mai himma. Akwai kuma wanda ya janye tun farko saboda ya ga lokacin ba zai ishe shi ba. Shi ma an shiga haƙƙinsa. Don haka ɗage rana ba ƙaramin abu ba ne da za a yi da alƙalami a dare ɗaya.

Daga waɗannan labarai na fitar da ma'auni huɗu.

Na farko, a bincika abin da ya hana nasara. Idan ƙungiyoyi sun ƙera injinsu, sun gwada shi a ƙasa, abin da ya rage izinin hukumar sufurin sama ne, ko filin harbawa, ko yanayi mai kyau, to a ƙara, domin jinkirin ba laifinsu ba ne. Idan kuwa babu wanda ya wuce zane a takarda, sharaɗin ne ke buƙatar gyara.

Na biyu, a sanar da wuri, a bainar jama'a, ga kowa a lokaci ɗaya. Ƙarin da aka yi saura mako biyu bai hana gaggawar da ake tsoro ba, don an riga an yi ta. Mafi kyau ma a rubuta tun ranar buɗe gasa yanayin da zai sa a ƙara da iyakar abin da za a ƙara.

Na uku, ƙarin ya zo da sharaɗi, kamar yadda aka yi a gasar Google. Mai neman lokaci ya nuna abin da ya yi da wanda aka ba shi a baya.

Na huɗu, sabuwar ranar ta zama ta gaskiya. Wa'adin da aka ɗage sau uku, sau huɗu, ya daina tsorata kowa, masu ba da tallafi ma sukan ja baya. Idan babban burin ya yi nisa, gara a sa matakai: kyauta ga wanda ya kunna inji na tsawon lokaci kaza, kyauta ga wanda ya kai kilomita 30 ya dawo da na'urarsa lafiya. Masu gasar Google sun raba dala miliyan 5.25 ta wannan hanya a 2015, kuma kuɗin ya taimaki ƙungiyoyin da suka samu.

Kammalawa

Hukuncina shi ne Orteig ya yi daidai da ya sabunta tayinsa, masu gasar CATS ba su yi kuskure ba da suka rufe a ranar da suka faɗa, gasar N-Prize kuwa gyaran sharaɗi ta fi buƙata a kan ƙarin lokaci.

Ina kira ga duk wanda Allah ya hore wa abin da zai sa gasar kimiyya ko ƙere-ƙere, attajiri ne ko makaranta ko ƙungiya, da ya zauna da masana kafin ya buɗe baki. Ya auna burin da abin da mutane za su iya, ya ajiye kuɗin kyautar a inda kowa zai tabbatar yana nan, ya yanke ranar da zai iya tsayawa a kanta.

Ku kuma ɗalibai, 'yan'uwana, idan kun shiga gasa kada ku ɗora shirinku a kan tsammanin za a ɗage. Ku yi aiki kamar ranar ba za ta motsa ba, kuma kada ku sayar da lafiyarku ko ta abokan aikinku don ku cika ta. In ranar ta wuce ba ku kai ba, ku tattara abin da kuka koya ku ci gaba, domin ilimin da kuka samu naku ne ko an ba da kyauta ko ba a bayar ba.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya ba matasanmu himma da haƙurin aiki.